Direba Ma Gwani Ne: Labarin Wendell Scott Da Direbobin Gobir

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai riƙe baki idan ya ga sunan Ba'amurke a kan wannan takarda, ya ce me ya haɗa mujallar masu nazarin Hausa da tseren motoci na Amurka, balle a ce marubucin ɗan Sabon Birnin Gobir ne, garin da ko filin tseren keke ba shi da shi. To, a yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali. Mutumin da zan ba da labarinsa direba ne, baƙar fata, ɗan talakawa, wanda ya koyi gudu da mota a hanyoyin daji cikin dare. Ni kuwa a hannun direba na tashi, a ƙasar da hanyar daji da tafiyar dare ba baƙi ba ne. Da na karanta tarihinsa sai na ji kamar da mutanen tasharmu ake magana, in ban da wuri ɗaya da muka rabu da su, kuma wurin nan shi ne dalilin wannan rubutu. Su can sun sa mai ƙirga ya zauna da alƙalami yana rubuta abin da direba ya yi a fili. Mu kuwa nan ba mu sa kowa ba.

Asalin Wasan

Kafin in shiga labarin mutumin, ya kamata in faɗi irin tseren da ya yi, domin tseren mota iri-iri ne. Wanda nake nufi shi ne wanda aka fara da motocin kasuwa, watau irin motar da kowa zai iya shiga kanti ya saya, ya kai iyalinsa unguwa da ita. Daga baya ne aka koma ƙera motoci musamman don tseren, amma a farko motar gida ce ake shiga fili da ita.

A shekarar 1920 gwamnatin Amurka ta hana yin barasa da sayar da ita, sa'an nan ta soke dokar a 1933. Amma manoman da ke zaune a duwatsun kudancin ƙasar ba su daina dafa tasu a ɓoye cikin daji ba, domin gudun haraji. Wanda ya dafa kuwa dole ya nemi mai kai masa birni, nan fa aikin samari masu mota ya samu. Sai su ɗauki mota wadda in ka gan ta a waje ba ka ce komai ba, su ƙara wa injinta ƙarfi, su cire kujerar baya don kaya su sami wuri, su ƙara mata sifirin yadda ko an danƙara mata lodi bayanta ba zai zauna ba balle ɗan sanda ya gane. Su kan yi tafiya cikin dare, wani lokaci ba fitila, a hanyoyin burji masu kwana da yawa. Ba yabon barasa nake yi ba, kowa ya san matsayinta a wurinmu. Abin da nake so a lura da shi shi ne hannun da ya riƙe sitiyarin.

To, ka san halin samari. Wannan ya ce tasa ta fi gudu, wancan ya ce ƙarya ne, sai a sami fili a share, a yi da'ira, ranar hutu a gwada. Mutane suka fara taruwa kallo, 'yan kasuwa suka ga akwai kuɗi a ciki. A watan Disamba na 1947 wani makanike mai shirya tsere, Bill France, ya tara masu abin a wani otal a garin Daytona Beach na Jihar Fulorida, kuma a watan Fabrairu na 1948 aka kafa ƙungiyar da ake kira NASCAR. Ita ta tsara dokoki, ta sa masu duba motoci, ta sa masu ƙirga zagaye, ta buɗe littafin da ake rubuta makin kowane direba daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Ba duka direbobin farko ne masu dakon barasa ba, amma suna da yawa. A tseren farko na babban rukunin ƙungiyar, wanda aka yi a Charlotte ran 19 ga Yuni 1949, Glenn Dunaway ne ya zo na ɗaya, amma aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, domin masu dubawa sun tarar an taɓa sifirin motar Dunaway na baya irin yadda masu dakon barasa ke yi. Haka kuma Junior Johnson, wanda ya ci manyan tsere 50 a rayuwarsa, an kama shi a 1956 a wurin dafa barasar mahaifinsa, ya yi wata 11 a kurkuku, sai a 1986 Shugaba Reagan ya yi masa afuwa. Ka ji inda wasan ya samo asali.

Wane Ne Wendell Scott?

An haifi Wendell Scott ran 29 ga Agusta 1921 a garin Danville na Jihar Bajiniya, garin masaƙu da masana'antun taba. Mahaifinsa direba ne kuma makanike, yana yi wa waɗansu attajiran Turawa aiki, a gindinsa yaron ya koyi riƙon sifana. A zamanin nan dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi a kudancin Amurka. Baƙar fata ba ya cin abinci inda Bature ke ci, ba ya kwana a masaukinsa, ba ya karatu a makarantarsa. Scott bai gama sakandare ba ya shiga tuƙin tasi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo aka ɗauke shi soja, ya yi aikin gyaran motoci a Turai cikin rundunar da aka ware wa baƙaƙe. Da ya dawo gida ya buɗe gareji, da rana yana gyara, da dare kuma yana dakon barasa kamar sauran. Sau ɗaya aka taɓa kama shi, a 1949, aka yi masa ɗaurin talala na shekara uku.

Yadda ya shiga tsere abin dariya ne, abin takaici kuma. A 1952 mai shirya tsere a filin Danville ya ga 'yan kallo sun ja baya, sai ya yi tunanin kawo baƙar fata cikin direbobi don jama'a su zo kallon abin mamaki. Ana ba da labari cewa wurin 'yan sanda ya je ya tambaya wane ne baƙin da ya fi gudu a garin, su kuwa suka ce ai Scott ne, don ya sha ba su ƙura. Watau an kawo shi ne don a yi kallonsa, shi kuwa ya zo da niyyar cin tsere, kuma bai yi mako biyu da farawa ba ya ci na farko a Lynchburg. Da ya nemi shiga NASCAR an sha kora shi daga bakin ƙofa, har wata rana wani ƙaramin wakilin ƙungiyar a Richmond ya sayar masa da lasisi. A 1959 ya zama zakaran Jihar Bajiniya a rukunin da yake ciki, a 1961 kuma ya hau babban rukuni, inda manyan direbobin ƙasar suke.

A nan ne wahalar ta soma sosai. Manyan abokan karawarsa kamfanonin ƙera motoci ne ke tsaye musu, ana ba su sabon inji da sababbin tayoyi da ƙwararrun ma'aikata. Shi kuwa tsohuwar mota yake saye ya gyara da hannunsa, ya bi bayan masu kuɗi yana tsintar kayan da suka yar. Ma'aikatansa su ne 'ya'yansa, Wendell ƙarami da Frank, da 'yan abokan arziki. Akwai lokacin da in ya tsaya sauya taya a tsakiyar tsere, shi da kansa zai fito daga mota ya kama aiki, ya koma ya ci gaba. Ga zagin 'yan kallo, ga waɗansu direbobi da ke bugun motarsa da gangan don ya bar hanya, ga filaye irin na Darlington da suka yi shekaru suna hana shi shiga. In an tashi daga tsere da dare ba kowane gidan abinci ne zai sayar masa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai Turawan direbobi irin su Ned Jarrett da suka taimake shi, kuma motar da ya yi suna da ita a hannun Jarrett ya saye ta. Lambar motarsa 34.

Ranar Jacksonville

Ran 1 ga Disamba 1963 aka shirya tsere a garin Jacksonville na Jihar Fulorida. Filin na ƙasa ne, ba kwalta, zagayensa rabin mil, kuma za a zagaya sau 200, watau mil 100 ke nan. Irin wannan fili da an ɗan jima ana gudu sai ya farfashe, ramuka su fito, ƙura ta turnuƙe, motoci su yi ta karyewa. Wannan kuwa shi ne irin wurin da mutumin da ya saba da hanyar daji, ya kuma san ciwon motarsa, yake cin riba. Scott yana cikin Chevrolet ƙirar 1962. Saura zagaye 25 a gama, ya wuce Richard Petty wanda motarsa ta sami matsala, ya shige gaba, kuma babu wanda ya sake wuce shi.

Da ya cika zagaye 200 ya duba wurin mai tuta, ba a ɗaga masa tutar nasara ba. Ya sake zagayawa, shiru. Ya ƙara wani, shiru. Sai aka ɗaga wa Buck Baker, Bature, wanda ke bayansa. Aka kai Baker dandali, aka miƙa masa kofi, aka ɗauki hotuna, jama'a suka watse. Scott ya tsaya a kan bakansa cewa shi ya ci, ya ce a duba takardun masu ƙirga. Aka shiga duba takardu, bayan kamar awa biyu hukumar ta fito ta ce gaskiyarsa ne, shi ya ci, har ma zagaye 202 ya yi. Aka ba shi kuɗin nasara, dala 1,000, amma kofin ya riga ya tafi. Hukumar ta ce kuskuren lissafi ne. Mutane da yawa kuwa, har da shi Scott, sun ɗauka cewa abin da aka guda shi ne al'adar da ake yi ta wanda ya ci ya tsaya da sarauniyar kyau ta wasan, wadda Baturiya ce, a gaban taron Turawan kudu.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya duba abin da kyau. Masu iko da filin sun hana shi tuta, sun hana shi kofi, sun hana shi tafin jama'a. Abu ɗaya ne ya gagare su, watau takardar mai ƙirga, domin kowane zagaye da motar nan mai lamba 34 ta yi an riga an rubuta shi tun kafin a san wa zai ci. Dokar da suka kafa da hannunsu ita ta kama su. Saboda wannan takarda ne sunan Scott ya shiga littafi a matsayin baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukunin NASCAR.

Bai sake cin wani babban tsere ba, amma ya daɗe ana damawa da shi. Ya shiga tsere 495 a babban rukuni, sau 147 yana gamawa cikin goma na farko, kuma a 1966 shi ne na shida a jerin maki na shekara duka, da tsofaffin motoci da aljihu marar nauyi. A 1973 ya ci bashi mai yawa ya sayi mota mai kyau ƙirar Mercury, irin wadda ya daɗe yana buri, ya kai ta babban filin Talladega a Jihar Alabama. Ba a yi nisa da farawa ba aka yi karo mai muni wanda ya haɗa motoci kimanin 20. Motar ta lalace, shi kuma ya kakkarye. Sau ɗaya ya sake shiga tsere a ƙarshen shekarar, daga nan ya koma garejinsa yana biyan bashi. A 1977 aka yi fim a kan rayuwarsa mai suna Greased Lightning. Ya mutu ran 23 ga Disamba 1990 yana da shekara 69, bai taɓa riƙe kofin Jacksonville ba. A 2015 NASCAR ta sa sunansa a zauren manyan gwanayenta, a watan Agusta na 2021 kuma ta kira iyalinsa a Daytona ta miƙa musu kofi a madadin wancan, bayan kusan shekara 58. A watan Oktoba na wannan shekara ta 2021 Bubba Wallace ya zama baƙar fata na biyu da ya ci tsere a babban rukunin, kuma a Talladega ya ci, filin da ya karya Scott.

Mu Komo Gida

Yanzu bari in kawo ku ƙasarmu. Wanda bai san gabashin Sakkwato ba, Sabon Birni da Isa suna ƙasar Gobir ne, kusa da kufan Alƙalawa, babban birnin Gobirawa da ya faɗi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya waɗansunsu suka dawo suka kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka zo rabon ƙasa, suka yi yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, sai layin da suka ja ya raba gida ɗaya biyu, Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Har yau da wuya ka sami gida a garinmu da ba shi da dangi a Gidan Rumji ko Madawa ko Maraɗi. Inda kuwa dangi suke a ƙetare, kasuwa ma tana ƙetare, kuma duk ranar da farashin fetur ko gero ko atamfa ya bambanta tsakanin ƙasashen biyu, za a sami mai mota da zai bi ta bayan gari. An rufe iyakar nan a 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowace rufewa sai ta haifi sababbin hanyoyi cikin gonaki da sababbin direbobi masu bin su.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami, yana cikin direbobin da suka ga rufewar farko. Da karen mota ya fara, a bayan wata tsohuwar roka mai zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, yana sa weji yana ɗaure tamfol. Daga nan ya sami sitiyari, ya tuƙa a-kori-kura, ya tuƙa Fijo 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Bai taɓa ɓoye mana cewa a ƙuruciyarsa ya ɗauki kayan da ba su bi ta ƙofa ba, kuma bai taɓa yin alfahari da hakan ba. Da ya manyanta fasinja kawai yake ɗauka, daga Sabon Birni zuwa Isa da Shinkafi da Ƙauran Namoda, ko ta Goronyo zuwa Sakkwato.

Na yi hutu da yawa a gefensa a gidan gaba, kuma abin da na gani ilmi ne, ko da yake ba a aji aka koye shi ba. In ya iso rairayi sai ya tsaya ya rage iskar taya, ya ce mota ma tana son faɗin tafin ƙafa kamar raƙumi. Da damina in ruwa ya cika fadama, launin ruwan da yadda ciyawa ta kwanta yake dubawa ya san inda ƙasa take da tauri. Yana cikin hira da fasinja zai yi shiru ya karkata kai, ya ce fulogi ɗaya ya mutu, a buɗe a tarar haka ne. Na ga ya toshe tankin mai da sabulu a tsakiyar daji, muka iso gida lafiya. Ranar da na karanta labarin sifirin motar Dunaway dariya ta kama ni, domin kawu ya sha gaya mana yadda suke ƙara wa a-kori-kura sifirin don kada lodi ya tona musu asiri. Mutanen nan ba su taɓa jin labarin juna ba, teku ce tsakaninsu, amma hanya iri ɗaya ta koya musu dabara iri ɗaya.

Kada a ce ina wanke fasa-ƙwauri. Mu mutanen gabashin Sakkwato mun fi kowa sanin abin da hanyoyin bayan gari suka jawo, domin inda buhun shinkafa ya bi ya wuce, nan bindiga da ƙwaya ma suke bi. Amma akwai wata fuska ta direbobinmu da ya kamata a sani. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga. A watannin nan direba shi ne wayarmu. Shi ake ba takarda ya kai Sakkwato, shi ke dawowa da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, shi ke kawo kuɗin da ɗa ya aiko wa uwarsa da maganin mai ciwon suga. Ni kaina a lokacin ina neman shiga jami'a, kuma a bakin wani direba na ji cewa sunana ya fito. A farkon Disamba na wannan shekara 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, a kusa da Gidan Bawa, suka cinna mata wuta, mutane fiye da 20 suka rasu. Bayan 'yan kwanaki direbobi suka sake jera motoci a tasha, domin in sun zauna gari ba zai ci abinci ba. Shekarar da aka kira iyalin Scott aka ba su kofi ke nan. Wanda ya zagaya fili sau 202 an rubuta masa, wanda kuwa ya bi hanyar Isa sau dubu da ransa a hannu babu inda aka rubuta ko sau ɗaya.

Kawu ya rasu a kan gadonsa bayan 'yar gajeruwar jinya, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bari na shekara arba'in a kan hanya shi ne tsohon lasisi da akwatin sifanu. Da na je tasha bayan sadakar bakwai ina tambayar dattawa labarin direbobin da suka riga shi, waɗanda shi kansa yake kira iyayen gidansa, sai na tarar sunayen sun fara narkewa. Wannan ya tuna laƙabi ya manta suna, wancan ya tuna mota ya manta mai ita, biyu daga cikinsu har suka yi gardama a kan wanda ya koya wa wani tuƙi. Mutanen da ake magana a kansu kuwa ba su fi shekara sittin da yin tashe ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Wani zai ce ai Bahaushe ma yana da nasa littafin, shi ne bakin mawaƙi. Gaskiya ne, kuma mu mutanen Isa da kewaye mun fi kowa shaida. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya yi wa dokin sukuwa waƙa, Dokin Iska Ɗanhilinge, ga shi doki ya mutu tun tuni amma har ɗalibin da bai taɓa taka Isa ba ya san sunansa. Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago a fagen dambe. Ko direbobin ma ba a bar su haka ba, Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa, Ɗan Maraya Jos ya yi ta Karen Mota. Amma mawaƙi mutum nawa zai iya ɗauka? Yana waƙe wanda ya gani ne, ko wanda ya yi masa alheri, sauran ɗaruruwan kuwa sai su wuce ba a ji ba. Su kansu mawaƙan, da ba a ɗauki muryoyinsu a faifai ba, da kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ba su bi su da alƙalami ba, da yanzu rabin abin da muka sani game da su ya tafi.

A ganina abu biyu ne Scott ya samu wanda namu ba su samu ba. Na farko fili. An ɗauke gwanintar da ke yawo a daji cikin dare aka kawo ta wuri mai shinge da doka da alƙali, inda mai gudu zai yi gudunsa ba tare da ya taka ɗan kowa ba. Mu a nan samarinmu masu zafin hannu a kan titin gari suke wasan mota ranar biki, kuma kowa ya san gidajen da wannan wasa ya sa makoki. An sha haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya nuna abin ba gagararre ba ne. Amma wannan magana ce ta hukuma da masu hali, kuma a ƙasarmu sai an sami zaman lafiya tukuna, domin wanda bai iya zuwa gonarsa ba ba a yi masa zancen filin wasa.

Na biyu shi ne mai ƙirga, wannan kuwa ba ya jiran gwamnati, aikinmu ne mu masu nazarin Hausa. Kowace shekara muna rubuta kundayen digiri, sau da yawa a kan abin da aka riga aka rubuta sau goma. Ga tasha nan cike da abin nazari ba mai taɓawa: kirarin direbobi da laƙabobinsu, rubuce-rubucen jikin mota, kalmomin gareji da yadda aka Hausantar da su, habaicin 'yan kamasho, camfe-camfen tafiya, sunayen da direbobi suka raɗa wa kwanoni da gadoji, da tarihin rayuwar mutanen su kansu. Ina roƙon kowane ɗan wannan ƙungiya, in an yi hutu ya koma garinsu, ya nemi tsohon direba ɗaya, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izninsa, ya ajiye waya a gabansa ya bar shi ya yi magana. A tambaye shi wa ya koya masa, wace mota ya fara tuƙawa, wace hanya ya bi kafin a zuba mata kwalta, su wa ya sani da suka fita ba su dawo ba. A rubuta, a sa shekara da suna da gari, a kawo wa ƙungiya ta adana. Ina kuma roƙon malamanmu su karɓi irin wannan aiki in ɗalibi ya kawo shi a matsayin batun kundi. Ni na fara da dattawa uku a tashar garinmu, kuma in Allah ya yarda zan kawo wa wannan mujalla abin da suka faɗa.

Allah ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, ya tsare waɗanda ke kanta, ya maido mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya. Amin.